Ciwon Ɓarin Kai: Me Ya Sa Hoto Ba Ya Nuna Shi?

Duk wanda ya zauna a Sabha ya san zafin bazararta da ƙurar iskar gibli, saboda haka ba a ɗauki ciwon kai a bakin komai ba a unguwanninmu. Daga Gurda har Mahadiyya da Tayuri, idan saurayi ya dawo daga aiki yana dafe da kai, abin da za a ce masa bai wuce "rana ce, sha ruwa ka kwanta" ba. Sau da yawa kuwa hakan ne. To amma akwai wani ciwon da ba ya jin wannan magana. Gefe guda na kai yake kamawa, ya tafi ya dawo, wata da watanni har shekaru, kuma ya fi addabar samari da 'yan mata da matan aure masu ƙuruciya, wato waɗanda ƙarfinsu ne jarinsu a ƙasar nan. Mu muna ce masa ciwon ɓarin kai, Larabawa kuma shaƙiƙa.

Hanyar da mai wannan ciwo yake bi sananniya ce. Da fari kantin magani, a sayi Panadol. Daga nan a yi ƙaho a ƙeya. Wani a ce masa ido ne ya yanki tabarau, wani a cire masa haƙori mai lafiya. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a taɓa kuɗin da aka tara don aikawa Zinder ko Kano, a nemi hoton ƙwaƙwalwa, ko a nan Sabha, ko a ɗauki hanyar Tarabulus mai fiye da kilomita 700. Hoto ya fito garau, ba a ga komai ba. A nan ne ake shiga uku, domin 'yan uwa sai su rabu biyu: masu cewa raki ne da gudun aiki, da masu cewa sammu ne.

Mai karatu, hoton bai yi ƙarya ba, mara lafiyan ma bai yi ba. Ciwon ɓarin kai ba ƙari ba ne, ba rauni ba ne da na'ura za ta hango. Rikicewar aiki ce ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa, takan taso ta lafa, kuma tana bin jinin gida. Babu gwajin jini ko hoto da ke tabbatar da shi. Likita yana gane shi ne daga bakin mai shi, bisa ƙa'idojin da ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya ta fara wallafawa a 1988, aka yi musu bugu na uku a 2018. Ciwon yakan ɗauki awa 4 zuwa 72 idan ba a sha magani ba. Yana bugawa kamar ana daka, yana ƙaruwa da tafiya ko hawan bene, yana zuwa da tashin zuciya ko amai, ko kuwa mutum ya tsani haske da ƙara. Kuma sai ya zo aƙalla sau biyar kafin a sa masa wannan suna. Wasu, kafin ya sauka, sukan ga walƙiya ko zane-zane a idonsu na minti 5 zuwa awa guda. Kusan mutum ɗaya cikin bakwai a duniya yana da shi, mata kuma sun ninka maza wajen sau uku, musamman a kwanakin al'ada. Mu malaman makaranta mun san ɗalibar da ke kifa kai a kan tebur a ranar jarrabawa, ana yi mata kallon malalaciya.

Sai dai ba duk ciwon gefe guda ne wannan ba. Akwai wani da ya fi kama maza 'yan shekara 20 zuwa 40, mai huda bayan ido ɗaya kamar an soka ƙusa. Idon ya yi ja yana hawaye, ƙofar hancin wannan ɓangaren ta toshe. Ba ya wuce minti 15 zuwa awa uku, amma yakan dawo kullum, sau da yawa a lokaci guda cikin dare, na makonni, sa'an nan ya ɓace na watanni. Mai ɓarin kai ɗaki mai duhu yake nema ya kwanta shiru. Wannan kuwa ba ya iya zama, sai kai da kawowa. Ƙwayoyin kanti ba sa yi masa komai, alhali shaƙar iskar oksijin zalla a asibiti takan kashe shi cikin mintuna. Akwai kuma na uku, wanda ba kasafai ake samunsa ba, da aka ba suna a 1984: ciwo a gefe guda da ba ya ɗagawa ko na yini ɗaya fiye da wata uku, wanda maganin indomethacin ke ɗauke shi ɗungurungum. Ciwo uku, magani uku, kuma labari ne kaɗai ke raba su.

To ina labarin zai fito idan mutum ya shiga gaban likita da Larabcin kasuwa, ya nuna kai ya ce "suda'a" ya yi shiru? Likita mai jama'a jingim a bakin ƙofa zai rubuta maganin ciwon kai ne ya kira na gaba. Shawarata a nan ta aji ce. A sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, a ja layi, a riƙa cikawa wata biyu: rana da lokaci, wane gefe, awa nawa ya yi, me ya zo da shi, me aka sha kuma ƙwaya nawa. A ƙara da abin da ya gabace shi, kamar rashin barci, yunwa, ƙishirwa a wurin gini ko gona, turare mai ƙarfi, ko fashin shayin da aka saba. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko yaro ya rubuta masa. Ranar zuwa asibiti a tafi da mai Larabci sosai, kuma a roƙe shi ya faɗi abin da aka ce, kada ya taƙaita.

Layin ƙwayoyi shi ne wanda mutane ke jin nauyin cikawa, shi ne kuwa mafi muhimmanci. Wanda ke shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, har wata uku, maganin da kansa yana iya mayar da ciwon na kullum. Ga tiramol da danginsa kwana 10 ma sun isa, ban da jarabar da suke sawa. Idan ciwon yana yawan zuwa, akwai magungunan rigakafi da ake sha kullum bisa umarnin likita, irin su propranolol da amitriptyline, kuma sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu. Macen da ke ganin walƙiya kafin ciwon ta gaya wa likita tun kafin ta fara ƙwayar tazarar haihuwa, domin wasu nau'o'inta suna ƙara mata haɗarin shanyewar ɓarin jiki, balle a haɗa da taba.

Akwai kuma lokacin da ba a jiran littafi. Ciwon da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko da mutuwar hannu ko ƙafa, karkacewar baki, farfaɗiya ko ruɗewa, ko ya biyo bayan faɗuwa ko duka a kai, ko yake ƙaruwa mako bayan mako da amai da asuba, ko ya kama mai ciki, duk waɗannan na asibiti ne a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. A nan ne hoto yake da amfani, kuma babban asibitin Sabha, wanda jama'ar Fazzan ke dogara da shi, shi ne wurin da za a nufa. Wanda bai daɗe da isowa ta hanyar Agadas da Gatrun ba, ya faɗi haka tun daga ƙofa, don a duba zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau.