Shafa wa iri bakteriya da zuba takin azot: wane wake ake nufi?

Tambayar da ta jawo wannan ƴar maƙala wajen fassara ta taso. Idan aka ba mu takardar malaman gona da Faransanci, aka ce mu mayar da ita Hausa saboda manoman Matankari, za mu tarar Faransanci ya raba niébé da haricot da soja, alhali kuwa Hausa ta tara su duka a ƙarƙashin kalmar wake, na ukun ne kawai take ƙara wa "suya". Bambancin yana da nauyi a gona, domin shukokin nan uku ba su karɓar taki iri ɗaya.

Bari mu fara da abin da ya haɗa su. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa azot ne, amma shuka ba ta iya cin sa haka nan. Sai dai dangin wake suna zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da wasu bakteriya na cikin ƙasa, waɗanda ake kira rizobiyom: sukan shiga saiwa, su yi ƴan ƙululai, su mayar da azot na iska abincin shuka, ita kuma ta ba su sukari. Hellriegel da Wilfarth suka nuna haka a Jamus a 1886, Beijerinck kuma ya ware bakteriyar a 1888. Wanda ya tumɓuke wake lokacin fure, ya fasa ƙululu guda da farce, in ya ga cikinsa ja-ja, to aiki na tafiya.

Waken suya mai zaɓe ne. Bakteriyar da ta dace da shi ba ta cika samuwa a ƙasarmu ba, shi ya sa shafa wa irinsa bakteriya kafin shuka yakan ƙara amfani a fili. A kan haka cibiyar IITA ta Ibadan ta yi Nodumax. Shi kuwa haricot rago ne wajen kama azot, saboda haka yakan amsa takin zamani. Waken Arewa, wanda ake shukawa tsakanin hatsi a jigawa, bai da zaɓe: bakteriyar da ya tarar a gona ta ishe shi yin ƙululai. Wannan ya sa masana suka daɗe suna ganin shafa masa wata ɓata kuɗi ne. An sassauta wannan ra'ayi bayan da aka gwada wasu nau'o'in bakteriya na cibiyar Embrapa ta Barazil a arewacin Gana, sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ƙarin amfani. Amma ƙasar arewacin Gana da ruwanta ba su ne na Dallol Mawri ba, kuma mu a ganinmu bai kamata a ɗora wa manomin nan sakamakon can kai tsaye ba.

Batun azot ya fi sauƙi. Kaɗan daga farko yana taimakon tsiro kafin ƙululai su fara aiki; IITA ta ba da shawarar wajen kilo 15 a hekta inda ƙasa ta gaji. Tun da takin ure kashi 46 cikin ɗari ne azot, kilo 33 ke nan, bai kai buhu ba. In aka zarce, shukar takan rage ƙululai, tun da ta samu a sauƙaƙe, sai ganye ya yi yawa, ƴaƴa su yi kaɗan. Gaskiya ne harawa kuɗi ce a Arewa, amma ba da farashin ure ake son saye ta ba. Abin da rairayin jigawa ya fi rasa shi ne fosfor, kamar yadda binciken INRAN da na ICRISAT a Sadore suka nuna tun shekarun 1980, kuma in babu shi ƙululan kansu ba su aiki sosai.

Saura kalma. An saba fassara bactérie da "ƙwayoyin cuta". Wane manomi zai yarda ya shafa wa irinsa cuta? "Maganin iri" ma bai yi ba, domin sunan ya riga ya zauna a kan hodar kashe ƙwari da ruɓa, wadda wani irinta ke kashe bakteriyar. Mun fi son "yis ɗin wake", ko da yake ba yis ba ne a kimiyyance, saboda yana ɗauke da abin da ya kamata manomi ya riƙe: abu ne mai rai, zafin rana na kashe shi, a inuwa ake cuɗa shi da iri da ruwan ƙaro, a shuka ran nan a ƙasa mai laima, ba a yin binne da shi.