Inda Ya Kamata Ka Ɗora Fokas Idan Za Ka Ɗauki Hoton Dutse Ko Daji

Ka tsaya a hanyar Abuja zuwa Kaduna ka ɗauki hoton Dutsen Zuma. A fuskar kyamara komai ya yi kyau, sai da ka buɗe hoton a kwamfuta ka ga dutsen ya fito garau, amma ciyawar da ke gabanka ta yi dishi-dishi. Kuma ka riga ka baro wurin. Yawanci kyamara ba ta da laifi, wurin da aka ɗora fokas ne matsalar.

Kowace kyamara nisa ɗaya tak take kamawa daidai. Sai dai akwai fili a gaba da bayan wannan nisan da ido ke gani ya fito tas, shi ake kira zurfin fokas. Abubuwa uku ke ƙara shi: tsuke ƙofar haske (f/11 ta fi f/4 tsukewa), amfani da lens mai faɗin gani kamar 24mm, da ɗora fokas nesa kaɗan da kai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora fokas a kan dutsen kansa. Yin haka asarar zurfi ne, domin babu abin da kake buƙata a bayan dutsen. Akwai wani nisa da ake kira haifafokal. Idan ka ɗora fokas a kansa, komai zai fito tun daga rabin nisan har ƙarshen abin da ido ke hangowa. Lissafinsa a taƙaice:

H = f² ÷ (N × c)

f tsawon lens ne a milimita, N lambar ƙofar haske, c kuma 0.03 ce a kyamara mai cikakkiyar sensa, kusan 0.02 a mai sensar APS-C.

Ɗauki lens 24mm a f/8 kan cikakkiyar sensa: 576 ÷ 0.24, ya ba da mita 2.4. Fokas a nan zai kama maka daga mita 1.2 har dutsen. Da a kan dutsen ka ɗora, duk abin da bai kai mita 2.4 ba zai dushe. A lens 50mm kuwa nisan ya koma kusan mita 10.4, shi ya sa masu ɗaukar hoton daji suka fi son lens mai faɗi.

Idan ba ka son lissafi a cikin rana, manhajar PhotoPills tana yi maka. Ko kuma ka kiyasta nisan abu mafi kusa da kake so ya fito, ka ninka biyu, ka ɗora fokas a can, da ƙofar haske a f/8 ko f/11. In za ka kuskure, gara ka ɗan zarce gaba, domin fokas ya gaza kai wa nisan, dutsen ne zai dushe.

Kada ka ce bari ka kai f/22 ka huta. Ƙofa in ta tsuke da yawa haske na tarwatsewa, hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Gaskiya ne Ansel Adams da abokansa sun kira ƙungiyarsu f/64 a 1932 a Amurka, amma su manyan faifan fim suke amfani da su, ba ƙaramar sensa irin tamu ba.

Mai waya fa? Yawancin wayoyi ƙofar haskensu ba ta canzawa, amma ƙanƙantar lens ɗinsu na ba su zurfi mai yawa. Taɓa abin da ke taku uku zuwa huɗu a gabanka, ka danne har fokas ya kulle, kuma ka kashe tsarin Portrait, tunda aikinsa dushe baya ne.

Idan fure ko tsakuwa na dab da lens, hoto ɗaya ba zai isa ba. Kafa kyamara a sanda mai ƙafa uku, ɗauki hotuna uku da fokas a kusa, tsakiya da nesa, sannan ka haɗa su a Photoshop ko Helicon Focus.

Kafin ka naɗe kaya, zuƙo hoton ka duba ƙasansa da saman dutsen. Gyara a wurin minti ɗaya ne, komawa kuwa sai da kuɗin mota.