Ɗakin Ɗaukar Hoton Taurari a Cikin Gida

A daren 20 ga Satumban 2016, wani mai gyaran makullai mai suna Victor Buso, a birnin Rosario na ƙasar Ajantina, ya hau saman gidansa don gwada sabuwar kyamarar da ya saya. A can ya gina ɗan ɗaki, ya kafa na'urar hangen nesa mai madubin santimita 40. Ya auna wani gungun taurari da masana ke kira NGC 613, ya shiga ɗaukar hotuna, kowanne na daƙiƙa 20. Yana cikin dubawa sai ya ga ɗigon haske ya ɓullo inda ɗazu babu komai, yana kuma ƙara ƙarfi. Ashe tauraro ne ya fara fashewa, abin da manyan cibiyoyin bincike suka daɗe suna farauta. A 2018 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken da aka gina kan hotunan nasa.

Akwai sa'a a ciki, amma sa'ar ta tarar da kayansa a kafe, a saite. Amfanin ɗakin ke nan: wanda sai ya fito da kaya, ya haɗa, ya daidaita, sannan ya kwance kafin asuba, ba ya daɗewa bai gaji ba.

Hoton taurari tara haske ne. Ido yana ganin abin da ya shigo masa nan take, ita kuwa kyamara ana barin ta a buɗe tana tara haske kamar randa a ƙarƙashin indararo. Matsalar ita ce duniya tana juyawa, digiri 15 a kowace sa'a. Idan ka bar kyamara mai dogon gilashi a buɗe na 'yan daƙiƙoƙi, taurarin za su fito kamar zubabbiyar shinkafa, dogaye-dogaye maimakon ɗigo. Saboda haka abu mafi muhimmanci a ɗakin shi ne mazaunin na'urar, wani kai mai ƙaramin inji da ke juyawa a hankali yana bin sama. Masu wannan sha'awa kan shawarci sabon shiga ya zuba mafi yawan kuɗinsa a mazauni. Ƙaramar na'ura mai gilashin milimita 60 zuwa 80 a kan mazauni nagari ta fi ƙatuwa a kan mai karkarwa.

Kafin mazaunin ya bi sama daidai, sai an auna sandar juyinsa zuwa wurin da Tauraron Arewa yake. A nan ne mutumin ƙasar Hausa zai gamu da abin da littattafan Turai ba su cika faɗa ba. Tsayin wannan tauraro a sama daidai yake da nisan gari daga layin da ya raba duniya biyu. A Landan yana can sama da digiri 51. A Kano digiri 12 ne kawai, a Damagaram kusan 14, a Agadas kusan 17. Miƙa hannunka ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. Ka ga katangar maƙwabci ko bishiyar darbejiya ta isa ta ɓoye shi. Manhajoji irin su N.I.N.A. da PHD2, waɗanda kyauta ne, suna iya daidaita mazauni ta hanyar wasu taurarin, ko da ba a ganinsa. Haka kuma, idan aka kwantar da sandar ƙasa-ƙasa, ƙarfen da ke daidaita nauyi yakan bugi ƙafar mazaunin cikin dare, aikin ya tsaya mai shi na barci. Kafin ka saya, ka tabbata yana sauka har digiri 10.

Maganin ƙafafun shi ne ginshiƙi. A haƙa rami, a zuba kankare da rodi, a fito da ginshiƙin zuwa ƙugu, a dasa ƙusoshin da za su riƙe mazaunin. Kada daɓen ɗakin ya taɓa shi. A bar ɗan tsakani a cika da soso ko yashi, don takun mutum kaɗai yana girgiza hoto. Wanda zai yi a saman bene ya nemi magini ya ɗora ginshiƙin daidai kan wani ginshiƙin gidan, domin tsakiyar daɓen benen tana rawa fiye da yadda ƙafa ke ji.

Ɗakin kansa mita 2 zuwa 2.5 kowane gefe ya wadatar. Ba sai an yi ƙubba ba. Rufi mai tayoyi da ke gangarawa gefe a kan dogo ya fi arha, duk mai walda da ya saba da ƙofar gida mai turawa zai iya yin sa. Sai dai a sa masa sakata mai ƙarfi, don guguwar farkon damina ba ta san wasa ba.

Zafi da ƙura su ne abokan gaba. Bulo da kwano suna shan rana wuni guda, da dare su yi ta fitar da zafi, iskar ta riƙa rawa kamar ta saman murhu, taurari su dushe. A shafa farin fenti, a bar tagogin iska masu raga, a buɗe rufin sa'a guda kafin fara aiki. Zafi yana kuma zuba wa hoto ɗige-ɗige, shi ya sa kyamarorin wannan aiki ke zuwa da abin sanyaya kansu. Ƙurar hunturu kuwa tana kwanciya a kan gilashi. Kada a goge ta da gefen riga, domin yashi ne, yana kankare gilashin. A hure ta da 'yar robar hura iska, a rufe kaya da zarar an gama.

Yawancin kayan da wuta mai bolt 12 suke aiki, don haka batiri da sola sun isa. Janareta yana girgiza ƙasa, ga hayaƙi. A yi amfani da jar fitila, don ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuma yana rushe wannan nan take. Idan ɗakin a sama yake, a gayyato maƙwabta da mai unguwa su leƙa su ga ramukan wata tun farko. Na'urar hangen nesa a saman bene tana iya sa a yi zaton leƙen gidajen mutane ake yi. Kuma a gargaɗi yara: kallon rana da ita yana makantarwa a take.

Jadawalin aiki yana cikin lissafin watanmu. Farin wata yana shafe taurari masu rauni, saboda haka daga wajen 25 ga wata zuwa 5 ga mai kamawa ne lokacin aiki. A shekara kuma, kaka ta fi: ruwa ya wanke sama, hazo bai sauko ba. A Nuwamba Kaza da 'Ya'yanta kan kai tsakiyar sama da tsakar dare. Hasken da ke zuwa daga gare su ya yi tafiyar shekara kusan 440. Gajimaren Orion, inda sababbin taurari ke samuwa, yana biyo su. Muna kuma da rabon da Turawa ba su da shi: tsakiyar farar hanyar taurarin nan da ke ratsa sama tana hawa kusan digiri 49 a Kano, a Landan kuwa da ƙyar take kai 10.

Hoto ɗaya ba ya isa. Ana ɗaukar gommai ko ɗaruruwa, kowanne na minti 1 zuwa 5, a haɗa su a kwamfuta da manhaja irin su Siril ko DeepSkyStacker. Idan ka ninka yawan hotuna sau huɗu, tsabtar sakamakon tana ninkuwa sau biyu. Da yayyafi kogi kan cika.

Kada a fara da siminti. A ɗauki kyamara ko waya mai barin a tsawaita ɗauka, a kafa ta, a ba ta daƙiƙa 10 zuwa 15. A gwada kusurwoyin gida na wata biyu ko uku, a ga inda fitilar titi ba ta kaiwa, inda kudu da tsakiyar sama suke a buɗe, inda ruwa ba ya kwanciya. Wurin da ka sami kanka kana komawa dare bayan dare, nan za ka haƙa ramin ginshiƙi.