BABI NA UKU: MATSAYIN 'YAN SA-KAI A SUJADAR IKILISIYOYIN AREWACIN NIJERIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin shigowar addinin Kirista Arewacin Nijeriya. A wannan babi kuwa za a dubi mutanen da ke taimaka wa fasto ko Fada wajen gudanar da sujada, alhali ba a naɗa su limamai ba, ba kuma albashi suke karɓa ba. Za a bayyana asalin wannan hidima da dalilan bunƙasarta, sannan a kawo rabe-rabenta da matsalolin da ke tattare da ita, musamman ta fuskar harshen Hausa.

3.1 Ma'ana da Asali

Abin da ake nufi da ɗan sa-kai a nan shi ne duk wani mai bi da aka yi wa baftisma, wanda ya ɗauki wani aiki a majami'a bisa raɗin kansa ko bisa zaɓen jama'a. Irin wannan mutum yana da sana'ar da yake ci da ita, kamar noma ko koyarwa ko aikin gwamnati.

Ikilisiyoyi sukan kafa hujjar wannan tsari da sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni. A can an nuna yadda aka yi ƙorafi a Urushalima cewa ana tauye wa wasu gwauraye mata rabonsu na abinci. Sai manzanni suka sa jama'a ta zaɓi mutum 7, cikinsu har da Istifanus da Filibus, domin su riƙe wannan aiki, su kuwa manzannin su duƙufa ga addu'a da wa'azi. Haka kuma sura ta 3 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti ta jera halayen da ake nema ga mai hidima, wato kamun kai da rashin kwaɗayin kuɗi da iya riƙon iyali. Daga nan za a fahimci cewa tun farko manufar ita ce raba aiki, domin kada nauyi ya taru a kan mutum ɗaya.

3.2 Dalilan Bunƙasar Hidimar a Arewa

Dalili na farko shi ne ƙarancin ma'aikata. Mishan ta SIM ta buɗe tasharta ta farko a Patigi a 1902, ta SUM ta sauka Wase a 1904, Katolika suka kafa tasha a Shendam a 1907, yayin da mishan ɗin da ta haifi Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta fara aiki a Garkida a 1923. Turawan da ke waɗannan tashoshi 'yan kaɗan ne, ƙauyuka kuwa suna da yawa, ga nisa. Saboda haka duk wanda ya fara iya karatu a ƙauye, shi ne kan tara jama'a ranar Lahadi.

Dalili na biyu shi ne manufar da Henry Venn, sakataren mishan ta CMS a ƙarni na 19, ya yi fice da ita, cewa ikilisiyar 'yan ƙasa ta ɗauki nauyin kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa kanta. Ikilisiyar da za ta tsaya da ƙafafunta ba ta da ƙarfin biyan kowane ma'aikaci, dole ta dogara ga masu aikin Allah-ya-ba-ku-lada.

Dalili na uku shi ne harshe. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya taka muhimmiyar rawa a cikinsa, ta sa mai bi daga kowace ƙabila, muddin ya iya karatun boko da Hausa, zai iya tsayawa gaban jama'a ya yi karatu. Lokacin da aka kafa ECWA a 1954 da tarayyar da ake kira TEKAN a yau a 1955, an tarar wannan tsari ya riga ya kafu.

3.3 Rabe-raben 'Yan Sa-kai

3.3.1 Dattawa: A ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN, membobi ne ke zaɓen dattawa na wani ƙayyadadden wa'adi. Su ne ke jagorantar tsarin sujada, su yi sanarwa, su taimaka wajen raba Jibin Ubangiji. Daga cikinsu akan sami magatakarda da ma'aji. Idan fasto ba ya nan, dattijo kan yi wa'azi.

3.3.2 Masu Karatu da Katekis: A ɗariƙar Angilikan an farfaɗo da muƙamin mai karatu a Ingila a 1866. Bishop ne ke ba shi lasisi, yana iya jagorantar sujadar safe da ta yamma, ya yi wa'azi, amma ba ya tsarkake gurasa da ruwan inabi. A Katolika kuwa, Majalisar Batikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta buɗe ƙofar yin Misa da harsunan jama'a. A 1972 Fafaroma Paul na 6 ya mai da karatu da hidimar bagadi ayyukan da za a iya danƙa wa maza waɗanda ba limamai ba, sannan a 2021 Fafaroma Francis ya shigar da mata, ya kuma tabbatar da muƙamin katekis a hukumance. A ƙauyukan da Fada ba ya samun zuwa kowane mako, katekis ne ke jagorantar addu'ar Lahadi da shirya masu neman baftisma, ko da yake wasunsu ana ba su ɗan abin hasafi.

3.3.3 Mawaƙa da Zumuntar Mata: 'Yan kwaya kan yi atisaye a tsakiyar mako domin jan jama'a a waƙoƙin Lahadi. Zumuntar Mata kuwa ta shahara da waƙoƙin bayarwa da amshi, da kiɗan tulu da caki, cikin anko na zane iri ɗaya. Su ne kuma kan share majami'a, su ziyarci marasa lafiya, su yi girki a lokacin biki ko rasuwa.

3.3.4 Masu Tarbar Jama'a: Aikinsu shi ne nuna wa mutane wurin zama, da kewayawa da kwanon baiko, da ƙidaya mahalarta, da tsawata wa yara masu surutu. Sau da yawa matasan ƙungiyar Boys' Brigade, wadda William Smith ya kafa a Gilasgo a 1883, kan taya su. Bayan harin bam da aka kai majami'ar Katolika ta Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, aikin ya ƙaru da binciken jakunkuna da motoci a bakin ƙofa, wato mai tarba ya zama har da mai gadi.

3.3.5 Malaman Makarantar Lahadi: Wannan tsari ya yaɗu ne daga aikin Robert Raikes a Ingila tun 1780. Malaman kan koya wa yara labarai da haddar ayoyi da waƙoƙi.

3.3.6 Tafinta: A majami'un birane inda ake haɗa Hausa da Ingilishi, tafinta kan tsaya kusa da mai wa'azi yana juya magana jimla bayan jimla.

3.4 Matsaloli

Matsala ta farko ta shafi harshe. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka kalma kamar “gari” tana iya nufin wurin zaman mutane ko kuma niƙaƙƙen hatsi. Haka nan mai karatun da bai saba da haruffa masu lanƙwasa ba zai iya karanta “ƙasa” a matsayin “kasa”, ko “ɓata” a matsayin “bata”. Da yake masu sujada da dama Hausa harshe na biyu ne gare su, kuma wasunsu ta kunne kaɗai suke samun saƙon, kuskuren mai karatu ko tafinta kan zama abin da suka koma gida da shi.

Matsala ta biyu ita ce ta amana. Kuɗin baiko kan bi ta hannun 'yan sa-kai, kuma zargi ko da ba shi da tushe yana iya raba kan ikilisiya. Wannan ne ya sa akan sa mutum biyu ko fiye su ƙidaya kuɗi tare, a rubuta, a kuma karanta wa jama'a rahoto.

Matsala ta uku ita ce tarin aiki a kan mutane kaɗan. Akan sami mutum ɗaya shi ne dattijo, shi ne tafinta, shi ne kuma malamin yara. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan irin wannan mutum ya yi ƙaura ko ya rasu ba tare da an horar da magaji ba, sai ayyuka uku su tsaya lokaci guda.

Matsala ta huɗu ita ce ta iyakar iko. Inda ba a fayyace abin da ke hannun fasto da abin da ke hannun dattawa ba, saɓani kan taso a kan wa'azi ko horo ko kashe kuɗi.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa hidimar 'yan sa-kai tana da tushe a Sabon Alkawari, kuma ƙarancin ma'aikata da manufar dogaro da kai da samuwar Littafi Mai Tsarki da Hausa su ne suka ƙarfafa ta a Arewa. An kuma ga cewa mafi yawan Hausar da ake ji a sujada daga bakin waɗannan mutane take fitowa, ta hanyar karatu da waƙa da sanarwa da tafinta. Saboda haka horar da su ƙa'idojin karatu da rubutun Hausa zai rage kurakuran da aka ambata. A babi na gaba za a nazarci kalmomin da suke amfani da su, da yadda aka aro wasu daga Larabci da Ingilishi.