Makonni Uku a Ƙauyen Malamin Ƙwari

A watan Yulin 2018 na yi makonni uku a Serignan, wani ƙauye da ke kudancin Faransa, kimanin kilomita 8 daga garin Orange. Abin da ya kai ni shi ne gidan Jean-Henri Fabre, masanin ƙwarin nan da ya rayu daga 1823 zuwa 1915. Amma kafin na san gidan sai da na koyi zaman ƙauyen.

Da sassafe mutane kan yi layi a gidan burodi, kuma wanda ya shiga bai yi gaisuwa ba, to ya yi abin kunya, kamar dai a wurinmu. Da rana ta take sai a rufe kantuna, a ja tagogin katako, gari ya yi tsit. Ni da ban san haka ba, ranar farko da ruwa da guntun burodi na yini. Rana kuwa ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, abin da ya daɗe yana rikita mini lissafin magariba. Gonakin inabi ne suka kewaye ƙauyen, an dasa musu dogayen itatuwa a jere domin kare su daga wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga arewa, wadda ake kira mistral. Ranar Alhamis akan ci kasuwa a Orange, inda na ga dandalin wasanni da Rumawa suka gina a ƙarni na ɗaya. Ginin ya ƙayatar, amma hankalina na wani wurin.

A 1879 Fabre ya sayi gida da fili mai faɗin kimanin eka biyu da rabi a gefen ƙauyen, ya kira shi Harmas, watau saura a harshen mutanen yankin. Manoma sun raina filin saboda tsakuwa da ƙaya, shi kuwa abin da yake nema ke nan, domin a irin wannan wuri ƙwari suke sakewa. A nan ya rubuta mafi yawan littattafansa guda 10 kan halayen ƙwari, a kan wani ɗan tebur da har yanzu yana nan a ɗakinsa. Tun 1922 gidan yake hannun gidan adana tarihin halittu na ƙasar Faransa.

Abin da baƙo zai fara ji a lambun shi ne kukan wani ƙwaro da Faransawa ke kira sigal, mai ƙara fiye da gyare. Namiji kaɗai ke kukan, ta hanyar kaɗa wasu fatu biyu da ke gefen cikinsa. Fabre ya so ya san ko ƙwaron yana ji, sai ya aro bindigogin da ake bugawa ranar bikin ƙauye, ya sa aka buga su a gindin bishiya. Ƙwarin ba su ko fasa kuka ba, sai ya ɗauka kurame ne. A nan ya yi kuskure, domin yanzu an san suna da kunnuwa a cikinsu; ƙarar bindiga ce kawai ba ta cikin abin da ya dame su. Gwajin ya yi kyau, fassarar ce ta zarce hujja, kuma ɗalibai na yawan faɗawa wannan rami.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na zanzaro, irin wanda ke gina ɗakin laka a bangon ɗakunanmu. Uwar takan harbi gizo-gizo, ta sa shi a ɗakin, ta yi ƙwai a jikinsa, ta ƙaro wasu domin abincin ɗanta, sannan ta liƙe. Fabre ya cire gizon farko tare da ƙwan, kuma duk wanda ta kawo sai ya ɗauke. Haka ta yi ta kawowa har kwana biyu, daga bisani ta liƙe ɗakin ba komai a ciki. Da wannan ya nuna cewa aikin nata jerin matakai ne da ta gada, kowane mataki yana jawo na gaba, ba tare da ta duba sakamako ba.

Kayan wannan bincike duka ɗan hantsaki ne da agogo da littafin rubutu. Malamin da makarantarsa ba ta da ɗakin gwaje-gwaje zai iya maimaita shi da damina. A nemi ɗakin zanzaro a bayan ƙofar aji, a raba ɗalibai su riƙa tsaro bi da bi, suna rubuta lokacin da uwar ta zo da abin da ta ɗauko. Kada a tsaya kan ɗaki ɗaya. A gwada biyar ko shida, a bar wasu ba a taɓa ba domin kwatantawa.