Walƙiyar Gamma Mai Gajeren Zango

Walƙiyar gamma mai gajeren zango haske ne mai tsananin ƙarfi daga nesa a sararin samaniya, wanda ba ya kai daƙiƙa 2. Ko a daren hunturu a Shinkafi ido ba ya ganinsa, kuma iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi. Shi ya sa ake ɗora na'urorin auna shi a kan taurarin ɗan Adam, irin su Fermi da Amurka ta harba a 2008.

Ranar 17 ga Agusta 2017, Fermi ya kama irin wannan walƙiya daƙiƙa 1.7 bayan na'urar LIGO ta ji girgizar karon taurarin niyutron biyu. A irin wannan karo ake ƙera ƙarafa masu nauyi, har da zinariya irin wadda ake haƙowa a Zamfara.