Fyaɗen Yara a Ƙasar Mon: Inda Shari'a Ke Maƙalewa

Mon ƙabila ce da ke zaune a kudu maso gabashin Myanmar, ƙasar da a da ake kira Bama. Jiharsu ta miƙe a bakin teku, babban birninta Mawlamyine, akwai kuma ƙauyukansu a jihar Karen da yankin Tanintharyi. A watan Maris na 2017 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta yankin, HURFOM, ta fitar da rahoto a kan cin zarafin yara ta hanyar lalata. Abin da ya fi tayar da hankali a ciki shi ne yadda ƙara ke mutuwa tun ba ta kai gaban alƙali ba.

Galibi mai laifin ba baƙo ba ne. Maƙwabci ne, ko mijin uwa, ko wani ɗan uwa da ke shiga gidan ba shamaki. Talauci kuma ya buɗe masa ƙofa, domin iyaye da dama sun tsallaka Tailan neman aiki, sun bar yara a hannun kakanni. Waɗanda suka rage suna fita gonar roba tun cikin dare.

Idan abin ya fito fili, ba ofishin 'yan sanda ake fara zuwa ba. Wurin mai gari ake nufa. A nan ake kiran dangin ɓangarorin biyu, a yi ta lallashi, a yanka kuɗin diyya, a ce magana ta wuce. Ana kiran wannan sulhu, amma wanda ya ci ribarsa shi ne mai laifi: ya biya, ya koma gidansa, wani lokaci taku kaɗan daga ɗakin yarinyar. Iyaye na karɓa ne don tsoron kada a riƙa nuna 'yarsu da baki, ta rasa mijin aure. Kafin a gama wannan zaman ma kwanaki sun shuɗe, shaidar da likita zai gani a jikinta ta gushe.

Wanda ya ƙi sulhu kuwa ya ɗauko dutse. Kotunan gwamnati da harshen Bama suke aiki, alhali ɗan ƙauye da yawa Mon kawai yake ji sosai. Kotu tana nesa, ana ta ɗage zama, kowace tafiya kuɗin mota ne da asarar aikin yini. Ga cin hanci, wanda mai hannu da shuni ke amfani da shi. A wasu yankunan hukuma ma biyu ce, domin jam'iyyar NMSP mai ɗauke da makamai, wadda ta tsagaita wuta da gwamnati a 1995, tana da kotunanta. Mai ƙara sai ya fara tantance wa ke da hurumi.

Dokar kanta tsohuwa ce. Kundin hukunta laifuka na Myanmar gadon Turawan Ingila ne daga Indiya tun 1861, kuma daga wannan tushen aka samo kundin Finalkod na Arewacin Najeriya ta hanyar Sudan. An sami ɗan gyara: a 2019 aka kafa dokar haƙƙin yara, wadda ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. A shekarar ce dubban mutane suka yi zanga-zanga a Yangon kan fyaɗen da aka yi wa wata ƙaramar yarinya a makarantar reno a Naypyidaw. Daga baya 'yan sanda da kansu suka bayyana sunanta a bainar jama'a. Uwar da ke wani ƙauyen Mon ta ji haka, da wane ƙarfin gwiwa za ta kai tata ƙarar?

Dokar hana cin zarafin mata da aka fara tsarawa tun 2013 ba ta kai ga amincewar majalisa ba har sojoji suka kifar da gwamnati ranar 1 ga Fabrairu, 2021. Tun daga lokacin mutane da yawa suka ƙaurace wa 'yan sanda da kotuna, nauyin ya ƙara komawa kan mai gari.